Teburin da Ba Shi da Ƙafa

Wani sashe na labarin nan ya zube mini a hanya, kamar yadda hatsi ke zuba daga tsohon buhu mai tafiya bai sani ba. Shekarar ta ɓace mini. Na san dai zamanin Nasara ne, amma ko kafin a kwashi samari zuwa yaƙin Bama ne ko bayan dawowarsu, wannan ba zan rantse ba. Sunan unguwar ma ya tafi, sai dai ina ganinta a ido: tana gangaren Kontagora, kusa da wani kududdufi mai kainuwa inda kwaɗi ba sa yin shiru da damina. Na ji labarin daga bakin Malam Tanimu na Beri, a wata damina da ruwa ya tsare ni a zaurensa. Abin da ya rage a hannuna shi zan bayar, inda na manta kuma zan ce na manta.

Akwai wani tela a unguwar nan, sunansa Saliu, Banufe ne wanda iyayensa suka zo fatauci suka zauna. Yana da matarsa Fure, da 'yarsu Ramotu wadda ta fara tasawa, ta isa daka da ɗebo ruwa. Gidan da suke ciki ba shi ya gina ba. Ya same shi a hannun wasu manoma da suka koma Sahon Rami, su ma gada suka yi. Tsohon gini ne na ƙasa, bangonsa mai kauri, mai sanyi ko da bazara.

Dukiyar gidan duka ita ce keken ɗinki na hannu, baƙi, mai nauyin tsiya, irin wanda ake juyawa da dama ana tura yadi da hagu. Abokiyar gabar gidan kuma ita ce gara. Ta cinye ƙafafun teburin keken. Ya sa aka yi wani, ya tsoma ƙafafunsa a gwangwanayen kananzir, kananzir ya bushe, ta hau. Wata safiya ya ɗaga turmin atamfar wata amarya ya tarar ta yi masa ado irin nata, huda a kowane ninki. Ranar bai ci abinci ba don kunya.

Ana cikin haka ya je bariki auna kukun Bature, sai ya ga wani abu a ɗakin girki: katako ya fito daga jikin bango a kwance, babu ƙafa ko ɗaya, ga kwanoni jere a kansa. Ya tsaya yana kallo har kuku ya tambaye shi ko lafiya. Abin da ba shi da ƙafa, ta ina gara za ta hau shi? Da wannan tunani ya dawo gida, ya wuce kai tsaye wurin maƙwabcinsa Andarawus, Bakambare, kafinta, wanda ya koyi aikin katako wurin 'yan mishan.

Andarawus ya saurare shi yana fiƙe fensir, sannan ya yi dariya.

“Tela, bangon Bature dutse ne da siminti. Naka ƙasa ce. Ƙasa ba ta riƙe ƙusa, lallashinta ake yi.”

“To malamin bango, yaya ake lallashin nata?”

“Da farko ka ƙwanƙwasa ka saurara. Inda ya amsa a cike, nan ne wurinka. Inda ya amsa kamar ganga, ka bar shi, ba naka ba ne. Sai a haƙa rami biyu masu zurfi, a zura guntayen azara, abin da ke ciki ya fi abin da ke waje tsawo. A cike da kwaɓaɓɓiyar ƙasa da ramno, wato yankakkiyar ciyawa, a danne, a bar ta ta bushe sarai. Bayan nan ka ɗora katako, ka ɗora keke, ka ɗora surukarka ma in kana so.”

“Bushewar nan har yaushe?”

“Har ta bushe. Damina ce, sai haƙuri. Bari in je Bobi in kafa wa wani ƙofofi, in na dawo mu yi shi tare. Kai allura ka sani, bar mini bango.”

Amma Babbar Sallah ta ƙarato, yadin mutane ya taru, kullum kuma gara na jan sabon layi a gindin bango. Saliu ya ga ba zai iya jira ba. A kasuwa ya sami wani maƙeri da tsofaffin ƙusoshin layin dogo da aka kawo daga wajen Zungeru, dogaye, masu kauri, jikinsu mai kusurwa huɗu. Ya ɗauki biyu ya auna nauyinsu a tafinsa. Ya ce a ransa, ƙarfen da ya riƙe jirgin ƙasa ai ba zai gaza riƙe keken ɗinki ba.

Maraicen da ya buga su, maraice ne kamar kowane. Hadari ya taso ya fasa, ya bar gari a lulluɓe. Kaji sun fara shiga akurki. Fure na gaban murhu, hayaƙi na kwanciya ƙasa-ƙasa a tsakar gida, Ramotu kuma na sheƙe gero a bakin turmi tana 'yar waƙarta. Daga ɗakin aikinsa, wanda ke manne da zaure, aka fara jin guduma. Ƙusar dama ta ba shi wuya, bango ya yi gardama, sai da ya yi gumi kafin ta shiga.

Fure ta leƙo, muciya a hannu. “Maigida, almuru ya yi. A bar bugun nan sai da safe. Ba a buga ƙarfe a wannan lokaci.”

“Saura ɗaya.”

“Ɗayar ma ta kwana mana.”

“Je ki duba tuwonki, kada ya kama.”

Ya auna ta hagu, ya ƙwanƙwasa bango da ƙotar guduma. Wurin ya amsa kamar ganga. Maganar Andarawus ta faɗo masa, amma hannunsa ya gaji, duhu na shigowa, ladan kuma ya fara gyaran murya. Sai ya ga ai sauƙi ne ya zo: wuri mai taushi, bugu kaɗan. Ko bisimilla bai yi ba. Ya kafa ƙusa ya sauke guduma.

Ta shige kamar an tura ta cikin kabewa. Can cikin bango wani abu ya ce ƙas, ƙarar da tukunya ke yi in ta tsage a wuta. Wata iska mai sanyi ta fito ta gefen ƙusar ta taɓa masa fuska. Kwaɗin kududdufi, waɗanda tun la'asar suke ta kuka, suka ɗauke gaba ɗaya.

A tsakar gida ƙwarya ta faɗi, gero ya watse.

“Wash! Iya, kafaɗata!”

Suka kawo fitila suka duba. Sun zaci kunama ce, ko rina. Ba su ga komai ba, sai wani ɗan baƙin shaci a kafaɗarta ta hagu, ƙarami, mai kusurwa huɗu. Fure ta shafa mata man kaɗe. Saliu ya yi sallarsa a makare, ya dawo ya ɗora katako a kan ƙusoshin, ya ɗaure da waya, ya ɗora keke, ya jera yadin mutane a gefen hagu. Teburin ya tsaya cak, ko motsi babu. Ya ja da baya yana kallonsa, ya ji daɗi har cikin ransa.

Washegari da almuru aka fara jifa.

Ba duwatsu ba ne, 'yan dunƙule-dunƙulen busasshiyar ƙasa ne, irin ta jikin bango. Ɗaya ya faɗa a tukunyar miya. Ɗaya ya bugi buta. Saliu ya fita da sanda ya zaga bayan gida yana zagin yaran unguwa, bai ga kowa ba. Da ya dawo sai ya tarar da Fure a tsaye, ta rufe baki da hannu.

“Ba daga waje ake jefowa ba,” ta ce a hankali. “Daga ɗakinka suke fitowa.”

Ya shiga da fitila. Babu kowa, sai keke a kan teburinsa da inuwarsa a bango. Yana juyowa zai fita sai ya ji nishi, doguwar ajiyar zuciya irin ta tsohuwar da ta ɗauko itace daga nesa. Ya ce wa kansa jemage ne a cikin rufi.

Haka aka yi ta yi. Da rana gida lafiya, da rana ta sunkuya sai jifa, sai nishi, sai shirun kwaɗi. Maƙwabta suka daina aiko yara ɗebar wuta. Amma abin da ya fi wannan shi ne hannun Ramotu. Da fari ya sage, ba ya lanƙwasuwa. Sannan ya fara tashi daga jikinta, kullum kaɗan, kullum kaɗan, har ya miƙe sambal a gefenta kamar reshen bishiya, tafin yana kallon sama. Aka kira maɗori, ya lalube ƙashi daga wuya har yatsu ya ce babu karaya, babu targaɗe. Ya gwada sauke hannun da ƙarfi, ya rataya a kai da duk nauyinsa, hannun bai sauka ba. Ya ɗauki jakarsa ya fita ba sallama.

Yarinya ta daina ci. Tana zaune a kan tabarma, gumi na tsattsafo mata a goshi kamar mai hawan dutse da kaya. In an tambaye ta ina ke ciwo, sai ta ce, “Nauyi, Baba. Nauyi.”

Saliu ya karɓo rubutu, ya karɓo saiwoyi, na manta wurin wa. Sannan ya koma kan kekensa, don ɗinkin Sallah ba ya jira, kuma mutum in ya rasa abin yi da tsoronsa sai ya ɓoye a cikin aiki. Tun safe har yamma keke na ƙara. Shi yana ɗaki, ba ya ganin abin da ake gani a tsakar gida. Fure ce ke gani.

Wata la'asar ta zo ta tsaya a ƙofarsa. “Maigida, in kana juya keken nan, hannun yarinyar nan karkarwa yake yi. In ka tsaya, ya tsaya.”

“Ku mata da camfi. Me ya haɗa keke da hannu?”

“Ban sani ba. Amma zo ka zauna kusa da ita. Don girman Allah, zo ka zauna, ka zuba ido.”

Bai taɓa jin ta roƙe shi da irin wannan murya ba. Ya tashi ya je ya durƙusa gaban 'yarsa. Fure ta shiga ɗakin aiki. Ya ji ta kama hannun keke ta juya, nan take hannun Ramotu ya ɗauki rawa, tun daga kafaɗa har farce, daidai da bugun allura, haƙoranta na haɗuwa. Keke ya tsaya, rawa ta tsaya. Sai ya ji Fure ta kwashe yadin da ke gefen hagu ta zube a ƙasa. Hannun yarinya ya ɗan sauko kamar faɗin yatsu, ta saki numfashi ta ce, “Alhamdu lillahi, an rage.”

Sai Saliu ya gane. Duk kwanakin nan, duk abin da ya ɗora a kan katakon nan, a kan 'yarsa ya ɗora shi.

Ya ruga ɗaki, ya sauke keke, ya kwance waya ya jefar da katako. Hannun ya sauko rabi ya tsaya. Ya ɗauko awartaki ya cafki ƙusar hagu ya ja. Ta ɗan motsa. A tsakar gida Ramotu ta ƙwalla wata ƙara da ba ta yi kama da ta yaro ba, sannan wata murya ta fito daga bakinta, muryar tsohuwa, a shaƙe, da Hausa mai karin mutanen ƙauye:

“Kada ka ja! In ka ja, da ita zan tafi.”

Awartaki ya faɗi daga hannunsa. Yarinya ta sulale a sume, baƙin shacin kafaɗarta ya kumbura yana tsattsafar da jini. Ga ƙusa a bango, barinta ciwo, cire ta mutuwa.

A maraicen nan Andarawus ya dawo daga Bobi. Ya shigo da zolaya a bakinsa, ya ga fuskokinsu ya haɗiye ta. Ya dubi ƙusar, ya ƙwanƙwasa gefenta da ɗan yatsa, ya saurara, ya ja da baya. Bai ce na gaya maka ba, kuma Saliu bai manta masa da wannan ba har ya mutu.

“Wannan ya wuce gudumata, ɗan'uwa. Ka tafi Beri ka ɗauko Malam Tanimu. Ni da matata za mu kwana nan tare da su.”

Malam Tanimu ɗan ƙaramin tsoho ne, mai magana ƙasa-ƙasa. Ya iso a kan jaki, Saliu na biye da ƙafa. Da ya shiga gida bai fara da yarinya ba, ɗakin aiki ya nufa. Ya daɗe yana shafa bango da tafinsa, sannan ya tambayi daga ina aka ɗebi ƙasar ginin. Aka ce ai duk unguwar daga kududdufin nan ne.

“To,” in ji shi. “Maginan da, in suka ɗebi ƙasa a wurin da suka san akwai masu shi, sukan binne 'yar tukunya a cikin bango, a kife ta a yaɓe. Ɗaki ne suke ba su a madadin wanda suka rushe. Ba koyarwar littafi ba ce, amma alkawari ne, kuma an riƙe shi. Kai ka ji wurin ya amsa kamar ganga?”

Saliu ya sunkuyar da kai. “Na ji, Allah gafarta Malam.”

Malam ya sa aka shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin, aka kwantar da Ramotu, aka kawo garwashi a kasko. Ya zauna yana jan carbi har rana ta faɗi, suka yi magariba. Da duhu ya fara haɗuwa da sauran haske, kwaɗi suka ɗauke, ya zuba tazargade a wuta ya fara karatu. Bai ɗaga murya ba. Dunƙulen ƙasa ya faɗo kusa da gwiwarsa, bai duba ba. Wani ya faɗo a cikin kasko. Ya ci gaba, aya na bin aya, har yarinya ta tashi zaune ba tare da ta dafa ƙasa ba, idanunta a rufe, hannun hagu a sage.

“Ya isa, ɗan Beri,” in ji muryar tsohuwa. “Kana ƙona mai ciwo.”

“Salamu alaikum, baiwar Allah. Wace ce ke?”

“Mai ɗaki.”

“Ga mai gida nan a zaune.”

Ta yi wata busasshiyar dariya. “Wannan? Jiya ya zo. Ina nan aka yi rufin farko. Ina gaɓar ruwa da zamana, magini ya kwashe ni da ƙasa, ya ba ni haƙuri, ya ba ni tukunya. Na karɓa. Mutane nawa suka zauna suka tashi, wa na taɓa? Ta bangon nan na ji kukan haihuwar yarinyar nan. Macijin da ya shigo tana rarrafe, a tambayi uwarta wa ya juya shi.”

Fure ta toshe bakinta, hawaye na zuba.

“Garar fa?” in ji Malam. “Da kin kore ta, da duk ba a zo nan ba.”

“Gara ba baiwata ba ce. Kowa da aikinsa.” Muryar ta yi ƙasa, ta yi nauyi. “Ya ƙwanƙwasa ƙofata, ya ji da mutum a ciki. Bai yi sallama ba, bai ambaci Allah ba balle in kauce. Ya sa mini ƙarfe a kafaɗa, ya kafe ni. Sannan ya ɗora mini baƙin jakinsa mai haƙori ɗaya, yana sukuwa a kaina tun safe har yamma. Na yi jifa, ba su ji ba. Na yi nishi, aka ce jemage. Sai na ajiye nauyin inda za a ji shi.”

“An zalunce ki, ban musa ba. Amma yarinya ba ta riƙe guduma ba. Ubangijin da ya halicce mu ya halicce ku ya ce wani rai ba ya ɗaukar nauyin wani. Kin san wannan?”

Hayaƙi ya miƙe sama bai karkata ba.

“Na sani. Amma da shi na kama, da ya ce gajiyar aiki ce, ya shafa mai ya ci gaba da ɗinki.”

Saliu ya ji maganar ta shige shi kamar yadda ƙusar ta shige bango, don gaskiya ce.

“To me zai raba?” in ji Malam.

“Baƙin bunsuru, a yanka a gindin bango.”

“Ba a yanka sai don Allah. Faɗi wani.”

“Su tashi su bar mini gidan.”

“Ki zauna da ƙarfe a kafaɗa har rufi ya faɗo miki? Ke ma kin san ba shi kike so ba.”

“To kafaɗa da kafaɗa. Ko tata, ko hannun da ya buga.”

Kafin Malam ya buɗe baki, Saliu ya matso da gwiwa ya miƙa hannunsa na dama, hannun da yake juya keke da shi, yake ci da shi, yake ciyar da gida da shi.

“Ga shi. Ɗauki. Ki sakar mini 'ya.”

“Yi shiru!” Malam ya daka masa tsawa, karo ɗaya da aka ji ya ɗaga murya. “Ba a yi musu tayi.”

Amma yarinya ta juyo da fuskarta wajen uban, idanu a rufe, ta daɗe a haka kamar mai auna hatsi.

“Da gaske yake,” in ji muryar, a hankali. “Ashe yana ji.” Ta nisa. “Me zan yi da hannun tela? Ku saurara. Ba za a ja ƙarfen ba, jan sa zai fasa ɗakin gaba ɗaya. A jiƙa bango da ruwan kududdufina. In ya yi taushi, shi da kansa ya tone gefen ƙusar, da yatsunsa. Ba wuƙa, ba itace, ba mai taya shi. Ya tone har ta saki da kanta. Ya liƙe mini hudar da yumɓu, ya mayar da yaɓe, kada ya leƙa ciki. Ƙarfe kuma kada ya sake shiga bangon nan.”

“Teburinsa fa? Da shi yake ci.”

“Ya matsa kamu guda, ya sa itace. Itace ba ya ƙona ni. Amma in almuru ya yi, jakin nan ya yi shiru, ina son in ji kwaɗina.”

“In ya cika, za ki fita, ba za ki dawo mata ba, ba ita ba, ba zuriyarta ba. Ki rantse da wanda ya halicce ki.”

“Na rantse da Shi. Ƙarfe na fita, ina fita.”

Da gari ya waye Fure ta yi ta jido ruwa daga kududdufi, ana kwarara wa bango a hankali. Tsohuwar ƙasa ce da aka kwaɓa da tsakuwa, ta sha shekaru tana ƙanƙancewa, ruwa ba ya shigarta sai sama-sama. Saliu ya durƙusa ya fara tono. Kafin hantsi faratansa sun tsage. Kafin azahar fatar yatsun ta saɓule, ƙasar da yake fitarwa ta koma ja. Masu ɗinki suka yi ta sallama a zaure, Andarawus na fita yana mayar musu da yadinsu ba a ɗinka ba, yana ba su haƙuri. Wasu suka yi addu'a, wasu suka yi tsaki suka nufi wani tela. Saliu na jin su, bai ɗaga kai ba. Sau ɗaya Andarawus ya kasa daurewa ya miƙa hannu zai taya shi, Malam ya riƙe masa riga.

Rana ta sunkuya, inuwa ta cika ɗaki. Hannunsa ya shige bango har wuyan hannu, yatsunsa suka taɓa wani abu mai santsi, mai sanyi, mai lanƙwasa. Ya kawar da fuskarsa gefe. Ya ci gaba da sosa ƙasar da ke riƙe da ƙarfen, kaɗan-kaɗan, yana bisimilla a kowane motsi. Daidai lokacin da ladan ya ɗaga murya, ƙusar ta sunkuya da kanta ta zame ta kwanta a tafinsa.

A ƙofar ɗaki hannun Ramotu ya faɗi a cinyarta kamar an yanke igiya. Ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sake yi, ta buɗe ido. Daga cikin bango aka ji doguwar ajiyar zuciya, wannan karon irin ta wanda aka sauke wa kaya. Can gangare kwaɗo ɗaya ya gwada murya, sauran suka amsa.

“Iya,” in ji yarinya, da muryarta ta kullum, “akwai sauran kunu?”

Saliu bai juyo ba, don aikinsa bai ƙare ba. Ya lalubi hudar da yatsun da ba sa jin komai sai zafi, ya liƙe ta da yumɓu, ya danna, ya mayar da yaɓe, yana kuka ba sauti.

Sallar nan ba a sa ɗinkinsa ko ɗaya a Kontagora ba. Bayan ruwa ya ɗauke, Andarawus ya matsa kamu guda, ya ƙwanƙwasa ya ji a cike, ya haƙa ramukansa da turken itace, ya zura azara, ya cike, suka jira ta bushe. Wannan karon tela bai tambayi har yaushe ba. Yatsunsa sun warke, amma manuni da babban yatsa ba su sake jin zare ba, Ramotu ce ke zura masa a allura har aka yi mata aure, daga nan 'yarta ta karɓa. Kuma duk yawan aiki, da rana ta faɗi sai ya lulluɓe keke da zane. Abin da ya sami Fure daga baya, da inda aka kai Ramotu, Malam Tanimu ya faɗa mini, amma yana cikin abin da ya zube.

Ni kaina da na ji labarin na riƙe shi da shakka, don bakin mutane yana ƙara wa abu gishiri. Sai bayan shekaru tafiya ta sake bi da ni ta Kontagora, na nemi gidan. Saliu ya rasu, ɗakin aikin ya zube a wata damina mai ƙarfi, wani manomi mai suna Dogo ne a wurin. Ya ce da suna farfasa bangon don su sake kwaɓa ƙasar, azaran nan biyu sun ƙi fita sai da aka sare su. Sannan ya kai ni bayan rumbu, inda ya kife wata 'yar tukunya da ya ji tsoron fasawa ya kuma ji tsoron shigarwa ɗaki. Na yi bisimilla na ɗaga ta. Babu komai a ciki. A kafaɗarta akwai facin yumɓu, rabinsa ya ɓalle, hudar da ke ƙarƙashi mai kusurwa huɗu ce. A kan rabin da ya rage akwai gurbin yatsu biyu da aka danna da ƙarfi. Na sa nawa a ciki, suka zauna daidai.